Kunama da Takwararta

Kalmar kunama tana nufin halittar nan mai ƙafafu takwas da dafi a ƙarshen bindi, wadda ta tare a ƙarƙashin duwatsun Garu da ke Dutse tun kafin garin ya zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991, kuma har yau ba a ji ta nemi takardar fili ba. Haka nan maharba suna kiran ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa don bindiga ta tashi da suna kunama, saboda kowacce sana'arta harbi. Sai dai ta bindiga tana jiran umarnin mai ita, amma wadda ta kwana cikin takalmi ba ta shawara da kowa.