Benen da Ake Ginawa a Ka

Ranar Asabar a Ibadan, in ka ga mace ta shiga tasi a karkace, wuya a lanƙwashe, kada ka yi mata sannu. Lafiyarta lau. Gele ta ɗaura, wanda mu muke kira gwaggwaro, rufin motar ne bai san girman mutane ba.

A garin nan aka kammala Cocoa House a 1965, bene mai hawa 26, amma matan Yarbawa sun riga magina fara harkar. Nasu benen ba siminti ba rodi. Ashoke ne saƙar Iseyin, mai tauri kamar ganda, a naɗa, a karya, a jera masa tattara ɗaya bisa ɗaya, sannan a baza shi sama kamar jelar ɗawisu. Ga alaari ja, ga etu mai duhun baba, ga sanyan ruwan ƙasa. In ta haɗa shi da iro da buba, ta saɓa ipele a kafaɗa, wallahi ko gwamna ne sai ya ba ta hanya. Abin da kyau, ba ƙarya.

Sai dai kyau da kuɗinsa. Mai ɗauri takan dafe goshi ta ja, ta sake ja, har gira ta ɗage, fuska ta zauna cikin mamaki sai an tashi daga biki. Kunne a toshe, Panadol a jaka. Ka tambaye ta ko ya matse, sai ta ce a ƙara.

Na taɓa bin wani aboki daga unguwar Sabo zuwa owambe, irin bikin nan nasu na ci da rawa da liƙi. Ƙaddara ta zaunar da ni bayan wata dattijuwa. Awa uku ina kallon ashoke. Kalangu na ji shi, amala na ci, amma ango da amarya sai labari. Da na gaji na ce, "Mama, ko za ki ɗan sunkuya?" Kallon da ta yi mini, har yau in na tuna sai na gyara hula.

Yanzu an fito da na zamani, ɗaurarre tun daga shago, a kifa kamar hula. Tsofaffi suna kallonsa kamar tuwon saye.

Mu kuwa da muke dariya, ai ta cim mana. A Kano da Kaduna amarya ba ta fita dina sai da gwaggwaro, ƙawaye a bayanta cikin anko, kowacce kai ya fi ƙofa faɗi. Jiya uwargida ta miƙo mini lissafin bikin ƙanwarta: kuɗin anko, kuɗin ashoke, kuɗin mai ɗauri. Na Panadol kaɗai ta ce ta yafe mini. Ta kuma ce in fara neman aron mota, tawa ta yi gajarta.