Wata Goma Sha Huɗu a Cikin Rigar Amorim

Na ɗauki aikin da ba wanda ya ba ni, kuma ba wanda zai biya ni ko sisi a kansa: zan tsaya wa 'yan wasan Manchester United lauya. Na san aikin ba ya kawo farin jini. A gidajen kallon ƙwallo daga Kano har Maraɗi an daɗe da yanke musu hukunci, wai ragwaye ne masu cin kuɗin banza, an kawo musu malami takanas daga Fotugal amma kwanyarsu ta ƙi ɗaukar karatu. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne, daga Nuwamban 2024 da Ruben Amorim ya kama aiki a Old Trafford zuwa 5 ga Janairun 2026 da aka sallame shi, yaran nan ba gardama suka yi ba. Biyayya suka yi, kuma biyayyar ce ta kwantar da su. Duk inda aka ce mutum ya tsaya, ya je ya tsaya, ko da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tsayawa a wurin ba.

Amorim bai zo hannu rabbana ba. A Sporting ta birnin Lisbon ya ɗauki kofin gasar Fotugal a 2021, bayan ƙungiyar ta yi shekara 19 tana hange, ya kuma sake ɗauka a 2024. Kwanaki kaɗan kafin ya taso, yaransa suka yi wa Manchester City ci 4 da 1 a gasar Zakarun Turai. Wane mai goyon bayan United ne zai ga haka bai yi hamdala ba? Duk wannan ya same shi ne da tsari guda: 'yan baya uku, 'yan tsakiya biyu, mutum biyu a gefe waɗanda ke zirga-zirga daga tutar kwana zuwa tutar kwana, sai wasu biyu a bayan lamba tara. Matsalar ita ce ƙungiyar da Erik ten Hag ya bar masa an sayo ta ne don 'yan baya huɗu da 'yan gefe masu jan ƙwallo a bakin layi. Sai abin ya zama kamar telan da ya ɗinka rigar salla tun kafin ya ga mai ita, da mai riga ya zo hannu ya yi masa gajere, sai ya ɗauko almakashi yana duban hannun mutum maimakon hannun riga.

A dubi yadda aka raba wa mutane aiki. Diogo Dalot, wanda ƙafar dama ce abincinsa, aka tura shi gefen hagu ya riƙa bugo ƙwallo cikin gida, sai ya zamana duk lokacin da ya isa bakin layi dole ya tsaya, ya juya, ya gyara wa ƙafar dama, kafin nan 'yan bayan abokan hamayya sun dawo sun jeru har sun huta. Amad Diallo, yaron Kodebuwa da Allah ya hore wa yanka da saurin ƙafa a kusa da raga, aka ce ya riƙa komawa gida yana tsaron manyan ƙarti. Noussair Mazraoui, lamba biyu tun yana Ajax, ya wayi gari a cikin 'yan baya uku. Marcus Rashford da Alejandro Garnacho, waɗanda duk fasaharsu tana buƙatar fili a gabansu su zura da gudu, aka cusa su ciki inda cunkoso yake. Kyaftin Bruno Fernandes, mutumin da ya fi kowa a ƙungiyar iya miƙa ƙwallon ƙarshe, aka yi ta janye shi baya yana bin mutane. Ƙololuwar abin ita ce ranar 2 ga Fabrairun 2025, lokacin da aka ajiye Rasmus Hojlund da Joshua Zirkzee a benci, aka sa Kobbie Mainoo, ɗan tsakiya, a gurbin lamba tara. Crystal Palace ta ci biyu da nema ta koma Landan, Mainoo kuwa ya yi ta yawo a gaba yana neman wanda zai gaya masa abin da ake yi a unguwar.

Wani zai ce, to ai ƙwararru ne, ana biyan wasunsu dubban ɗaruruwan fam a mako, me zai hana su koya? Amsata ita ce, ƙwallo a wannan mataki ba da kai ake buga ta ba, da sabo ake buga ta. Ɗan bayan da ya shekara goma a cikin mutum huɗu ba ya tunanin lokacin fita ya tari ɗan gaba, ƙafarsa ce ke fita da kanta, domin ta san akwai wanda zai rufe bayanta. Ranar da aka canza masa maƙwabta, sai ya fara tambayar kansa: ni ne zan fita ko na gefena? Tambayar ba ta wuce ƙiftawar ido, amma a gasar Firimiya ƙiftawar ido ta isa a ɗauko ƙwallo daga raga. Haka muka yi ta ganin 'yan baya uku suna tsaye suna miƙa wa juna ƙwallo cikin ladabi da girmamawa, kowa na jin nauyin ya kai ta gaba, 'yan tsakiya biyu kuma suna haki a tsakanin mutum uku na abokan karawa. Casemiro, mai kofin Zakarun Turai biyar a Real Madrid, ya tsinci kansa yana gadin filin da sai matashi mai huhu biyu na aro.

Sakamakon ma ya zo da irin nasa barkwanci. A wasan farko da Ipswich, Rashford ya zura ƙwallo kafin a cika minti biyu, aka yi ta murna an samu waraka, daga ƙarshe aka tashi kunnen doki. Bayan an lallasa Everton 4 da nema, kocin da kansa ya yi gargaɗin cewa guguwa na tafe, kuma a wannan kam ba wanda zai ce bai cika alkawari ba. Cikin Disamba kaɗai Arsenal da Nottingham Forest da Bournemouth da Wolves da Newcastle duk suka ɗebi rabonsu. Da Brighton ta zo har gida ta ci 3 da 1 a Janairu, sai ya shaida wa 'yan jarida cewa mai yiwuwa wannan ce ƙungiya mafi rauni a tarihin United, magana da ko magabta sukan ɗan sassauta kafin su faɗa. Aka gama kaka a mataki na 15 da maki 42, abin da ba a gani ba tun faɗuwar ƙungiyar daga rukunin farko a 1974. Sannan aka tafi Bilbao wasan ƙarshe na kofin Europa, aka tarar da Tottenham wadda ta ƙare a ta 17, ita ma ta ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauke kofin. Daren da ya fi kowanne daɗi a wannan kaka kuwa, na Lyon ne a watan Afrilu, kuma ina so masu ƙara su lura da yadda aka yi shi. Ana bin United 4 da 2 a ƙarin lokaci, sai aka watsar da tsari gaba ɗaya, aka tura Harry Maguire gaba aka ce a yi ta cilla masa ƙwallo a ka. Bruno ya ci fenariti, Mainoo ya farke, Maguire ya sa kai aka tashi 5 da 4. Ba allon da aka zana wannan a kai.

Kada a ɗauka ina zagin 'yan baya uku ne. Masu kare Amorim sukan kawo Antonio Conte, kuma hujjarsu tana da ƙarfi, sai dai idan aka duba da kyau shaidata ce ba tasu ba. Conte ya fara kakar 2016 a Chelsea da 'yan baya huɗu. Sai da Arsenal ta zuba masa uku kafin hutun rabin lokaci a watan Satumba, sannan ya dubi mutanen da ke hannunsa ya ga abin da zai rufa musu asiri. David Luiz yana son fita yawo, sai aka sa masa Azpilicueta da Cahill su kama masa gida. Eden Hazard ba ya son komawa tsaro, sai aka sauke masa wannan nauyi. Victor Moses, ɗan Najeriya da aka yi ta bayarwa aro ga Liverpool da Stoke da West Ham, yana da numfashi da ƙarfin gudu, sai aka ba shi gefen dama gaba ɗaya, ya zama wani mutum daban. Suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofi da maki 93. Lambobin iri ɗaya ne da na Amorim, amma Conte daga jikin 'yan wasa ya ciro su, kuma a shekarar Chelsea ba ta buga gasar Turai, yana da mako guda cur na atisaye tsakanin wasa da wasa. Amorim kuwa an kawo shi a tsakiyar kaka ana buga wasa duk bayan kwana uku. Shi da kansa ya faɗa cewa ya so a bari sai ƙarshen kaka, shugabanni suka ce ko yanzu ko a fasa. Wannan kason laifi nasu ne, kuma ba ƙarami ba ne.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi yawo: yaran nan sun cinye koci-koci. Tun da Alex Ferguson ya yi ritaya a 2013 an ga Moyes, an ga Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick da Ten Hag, duk sun tafi, saboda haka cutar tana ɗakin canza kaya. Ban musa cewa akwai masu sanyin jiki ba. Amorim ya taɓa cewa gara ya sa mai horar da masu tsaron ragarsa, Jorge Vital, dattijo mai shekara 63, a benci da ya sa wanda ba ya ba da himma a atisaye, kuma kowa ya san da wa yake. Amma waɗanda suka ga bayan Moyes ai yawancinsu sun daɗe da rataye takalma, ba za a kama Amad da laifin da aka yi yana makarantar firamare ba. Sannan me ya sa waɗanda aka ce ba su da amfani suke farfaɗowa da zarar sun sauka a wani filin jirgi? Antony, wanda ya zama abin tsokana a Ingila, ya je Real Betis aro a Janairun 2025, aka mayar da shi gefen dama inda ya saba, ya taimaka musu har wasan ƙarshe na kofin Turai. Rashford ya je Aston Villa, daga can Barcelona ta ga ya isa a ɗauka. Ragwanci ba ya warkewa da canjin iska.

Saura masu cewa lokaci ne bai samu ba, ai Ferguson ma da ya zo a 1986 sai a 1990 ya ɗauki kofin farko. Gaskiya ne, sai dai Ferguson ya yi shekara 26 yana sauya salo duk lokacin da mutanensa suka sauya. Kuma lokacin ma an ba Amorim. A bazarar 2025 aka kashe sama da fam miliyan 200 aka kawo Matheus Cunha da Bryan Mbeumo da Benjamin Sesko, ba gasar Turai, ga atisayen share fage cikakke. Ranar 27 ga Agusta aka tafi gidan Grimsby Town, ƙungiyar rukuni na huɗu, a ƙaramin filinsu na Blundell Park. Kafin rabin lokaci an zuba wa André Onana biyu. Ana tafka ruwan sama, sai kyamara ta hasko koci a zaune a rumfar benci, ya sunkuya a kan ɗan allonsa yana matsar da ƙananan maganaɗisu da yatsa, wannan ya koma nan, wancan ya dawo can. Na fahimci abin da ya sa yake son su: maganaɗisu ba shi da ƙafar dama ko ta hagu, ba ya gajiya, ba ya kuma tambayar dalili. Mbeumo da Maguire suka farke, aka tafi bugun fenariti, aka yi ta bugawa har masu tsaron raga suka buga nasu aka sake zagayowa, kocin na zaune ya ƙi kallo. Mbeumo ya daki turken sama, Grimsby ta wuce da 12 da 11. Makonni kaɗan bayan haka aka tambaye shi ko zai canza tsari, ya ce ko Fafaroma ba zai sa shi ya canza ba. Fafaroma dai bai ce komai ba, yana da nasa ayyukan.

Adalci ya sa in faɗi cewa abin ya ɗan miƙe daga baya. A Oktoba an ci Liverpool 2 da 1 a Anfield, karo na farko tun 2016, kuma ranar da aka sallame shi ƙungiyar tana ta shida a teburi, ba ta 15 ba. Amma ko a nan shaida tana gefena. Ranar 26 ga Disamba, da rauni da gasar cin kofin Afirka suka kwashe masa mutane, dole ta sa ya jera 'yan baya huɗu, aka ci Newcastle ɗaya da nema. Kwana huɗu bayan haka ya koma wa uku ɗinsa a gaban Wolves, wadda ke can ƙasan teburi ba ta ci wasa ko ɗaya ba a kakar, aka tashi ɗaya da ɗaya a Old Trafford.

Da Michael Carrick ya karɓi ƙungiyar a tsakiyar Janairu, bai zo da wani sabon ilmi ba. Ya mayar da 'yan baya huɗu, ya mayar da Bruno lamba goma, ya ɗauko Mainoo daga bencin da ya kusa zama gidansa. Za a ce zumuɗin sabon koci ne, kuma an ga irinsa a farkon zuwan Solskjaer, saboda haka ba zan yi rantsuwa a kan gobe ba. Abin da na sani shi ne, yaran da aka ce karatu ba ya shiga kansu, atisayen 'yan kwanaki ya ishe su su ci City biyu da nema, mako na gaba su bi Arsenal har gida su ci 3 da 2. Patrick Dorgu, wanda aka sayo daga Lecce musamman don ya riƙa zirga-zirgar gefe a tsarin Amorim, Carrick ya matsar da shi gaba ya sauke masa gadin gida, kuma ya ci ƙwallo a duka wasannin biyu.