Rage Ko Ƙara?

A gidanmu babu kalmar da ta kai "rage" haddasa rigima. Watan Afrilu ne a Sakkwato, zafi ya haura digiri 40. Hajiya ta ce, "Auta, rage esin nan." Auta ya danna rimot, lamba ta sauko daga 24 zuwa 16. Ɗaki ya koma firiji.

"Ba cewa na yi ka rage ba?"

"Wallahi Hajiya, ragewa na yi."

Kowa da gaskiyarsa. Ita sanyi take nufi, shi lamba. Aka kira Baba ya raba gardama. Ya gyara zaman hula, ya yanke hukunci: a bar shi a 16 tunda kuɗi aka sa aka saya, a kawo barguna. Muka ƙudundune kamar ana muku-mukun hunturu. Duk wanda ya buɗe ƙofa sai a yi masa ca: "Rufe, kada sanyi ya gudu!" Sai ka ce akuya.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Nan take kan gida ya haɗu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa da maficinsa. Shi dai mafici ba shi da lamba.