Jinjina ga Masu Bankin da Suka Horar da Punk

Sannunku da aiki, masu banki da masu talla na Ingila. Abin da ya gagari 'yan sanda da BBC, ku kun gama shi cikin ruwan sanyi, ko kulki ba ku ɗaga ba. Dole a yaba muku.

A 1976 sama da mutum miliyan ɗaya ne ke zaman kashe wando a Birtaniya, farashin kaya kuma sai hawa yake. Sai wasu yara marasa kunya suka rataya gita, suka sa yagaggun riguna da aka kama da fil, suka fara yi wa masu mulki ihu da kiɗan da aka kira punk. A 1977, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta cika shekara 25 a kan karaga, ƙungiyar Sex Pistols ta saki "God Save the Queen". BBC ta haramta sa waƙar. Yaran suka hau jirgin ruwa a kogin Thames suna kiɗa daura da majalisa, 'yan sanda suka tare su a gaɓa, aka kama manajansu Malcolm McLaren. Me aka samu? Faifan ya kai na biyu a jerin waɗanda aka fi saye. Masu kulki fetur kawai suka watsa wa wuta.

Ku kuwa kuka yi haƙuri, kuka jira yaran suka yi furfura. A 2015 bankin Virgin Money ya fitar da katin cin bashi ɗauke da zanen "Anarchy in the UK", waƙar Sex Pistols da ke kiran a watsar da hukuma. Madalla! A lokacin, saurayin da ba shi da ko sisi sai ya sa wannan kati a na'ura ya sayi takalmi, ƙarshen wata ya biya kuɗin ruwa, ya kwana yana jin shi ɗan tawaye ne. Da shekara ta zagayo, ofishin magajin garin Landan ya sa albarka a bikin cikar punk shekara 40. Joe Corré, ɗan McLaren da Vivienne Westwood, shi ne ya yi muku butulci: ya cinna wa kayan tarihin da aka ce sun kai fam miliyan 5 wuta, wai ba zai ga an mai da tawaye kayan ado ba. Ku yafe masa, bai san kasuwa ba.

Inda kuka fi burge ni shi ne wajen tankaɗe. Kun ɗauki tsayayyen gashi da fil da baƙar rigar fata, kuka zubar da tsakin. Ranar 30 ga Afrilu 1978 dubun dubatar mutane suka taka daga dandalin Trafalgar zuwa Victoria Park, inda The Clash da Steel Pulse da X-Ray Spex suka yi wasa a taron Rock Against Racism. Mawaƙiyar X-Ray Spex, Poly Styrene, mahaifinta ɗan Somaliya ne. Mutanen sun fito ne domin 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta National Front sun hana baƙaƙen fata da 'yan Asiya sakat a unguwanninsu. Kwana huɗu bayan taron aka daɓa wa Altab Ali wuƙa a Whitechapel, saurayi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, yana komawa gida daga wurin aiki, ya rasu. Kun yi hikima da ba ku buga fuskarsa a jikin katin ba. Wa zai iya cin bashin takalmi yana kallon telan da aka kashe?