Zumuncin Kakar Albasa

A ƙauyukan da ke bayan Aliero, inda kwalta ke ƙarewa a faɗa turɓaya, maigida ba ya buƙatar kalanda kafin ya san an fara cirar albasa. Ƙurar motoci ke gaya masa. Daga Fabrairu zuwa Maris, 'yan'uwan da suka yi ɓatan dabo tun bara sai ga su ɗaya bayan ɗaya daga Birnin Kebbi, Sakkwato, har Abuja, kowa da burodi ɗaya a leda da magana ɗaya a baki: "Wallahi Kawu, wucewa na zo yi, na ce bari in gaishe ku." Gidan kuwa shi ne na ƙarshe, daga shi sai gonaki. Wucewa zuwa ina?

Ba a gama gaisuwa ba baƙo zai ɗaga waya sama yana laluben sabis. Yaran gidan sun san aikinsu: su ja shi zuwa tudun bayan gida, su nuna masa daidai inda zai tsaya, fuska gabas. Idan ya dawo sai ya yi ƙorafin zafi, ya tambaya ko an tace ruwan randa, sannan ya shanye furar da aka dama domin mutum uku. Zakaran gidan ya tsallake shaho, ya tsallake Sallah ƙarama da babba, amma ba ya tsallake baƙon birni.

Wurin sallama ake ganin gwaninta. Baƙo zai shafa aljihu sau uku, ya ce mai POS na Jega ne ya ɓata masa lissafi. Kafin nan an buɗe but ɗin mota, wai don ya sha iska. Buhun albasa ya shiga, tiya biyar ta gero ta bi, kaza ɗaure a gefe. "Haba Inna, wannan ɗawainiya ta yi yawa," in ji shi, yana ture safaya gefe don buhu na biyu ya samu wuri.

Akwai kuma masu dogon zango. Aliero ta yi suna da masu ɗorin karaya, to ɗan'uwan da aka kawo ɗori ƙashinsa ya kama tuni, har ƙwallo yake bugawa da yara, amma da an ambaci mota sai ɗingishi ya dawo. Ɗaliban jami'ar da aka kafa a garin a 2006 su ma kan tuna asalinsu duk ranar da garin kwaki ya ƙare.

A watan Agusta fa? Gero ya yi ƙasa a rumbu, hanya ta caɓe, ko mai zuwa kasuwar Jega ranar Juma'a ba ya ratsowa. Daga Maiyama ma, nan kusa, sai a ce ruwa ya hana. Sai wajen Nuwamba, albasa ta yi tsada, waya za ta yi ƙara: "Kawu, akwai saura a rudu?"

Shi ma Kawun ba a banza yake loda buhunan ba. Yana ƙirga su, kuma yana da 'ya'ya uku masu son karatu a birni. Mai karatu, idan ka karɓi buhu biyu bana, ka soma share ɗakin baƙi.