Mai hutu a bakin keken ɗinki

Wannan makon tela ya tafi hutu. Shagon a buɗe yake, keke na ta kuka tun hantsi har bayan Isha'i, yaransa na guga, shi kuwa a cikin waya ya ɗauki hutun nasa. Na buɗe darar Turawan da muke bugawa da shi, irin wadda ake ba kowa kwana uku ya yi tunani kafin ya gusa ɗa guda, sai na tarar da sanarwa wai abokin karawata yana hutu, agogonsa ya tsaya, in yi haƙuri. Na ɗaga kai daga bencin mai shayi, ga mai hutu can tsallaken kwata, tef a wuya, allura a baki, yana rantse wa wata Hajiya cewa atamfarta jibi.

To ina ya je? Kribi dai bai je ba, mai zuwa bakin teku ba ya tafiya da almakashi. Jirgin ƙasan dare ya tashi zuwa Ngaundere ba shi a ciki. Tafiya mafi nisa da aka shaide shi da ita ita ce kasuwar Mokolo sayen zare, a kan mashin, ya kuma dawo kafin La'asar. Sahu ɗaya muka yi a babban masallacin unguwarmu Briketeri, kafaɗa da kafaɗa. Ya yi sallama ta dama, ni ne a daman, muka haɗa ido da mutumin da a rubuce ba ya gari. Har na rasa gaisuwar da ta dace da shi: "ina gajiya" ake ce wa irinsa, ko "sannu da zuwa", ko a bari sai ya dawo a je masa barka da sauka a tambayi tsaraba? Da ƙasaru ya yi a sallar nan ma da ban ga laifinsa ba, ai matafiyi ne.

Duk wannan kuwa saboda doki ɗaya. Sarauniyata ta rutsa dokinsa a lungu, ba gaba ba baya, ko yaron da ya koyi wasan jiya ya san ya mutu. Maimakon ya sallama shi a wuce wurin, sai ya ɗauki dokin suka tafi shan iska tare.

Da abin ya ishe ni na tsallaka. Na ce, "Maigida, sannu da hutawa." Bai ko ɗago ba ya ce, "Yawwa Malam. Ai sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Sai dai a daɗe ba a je ba." Ya cire allurar daga baki ya yi mini lacca: wai dara tunani ce, manyan duniya ma da wasiƙa suke buga ta. A nan kam bai yi ƙarya ba. Ƙungiyar 'yan dara ta Landan da ta Edinbara sun kara ta wasiƙa daga 1824 har 1828, shekara huɗu cur, mutanen Edinbara suka yi nasara. Amma tsakanin garuruwan nan biyu mil wajen 400 ne, kuma keken doki ke jigilar wasiƙar cikin laka da sanyi. Tsakanina da tela kwata ce ɗaya da akwatin mai sayar da kredi.

Chess.com da Lichess duk sun yarda mutum ya zaɓi har kwana 14 kafin ya motsa ɗa. Na tabbata wanda ya tsara haka bai taɓa kai ɗinkin Sallah ba. Mutumin da jibi a bakinsa ke nufin bayan hawan idi, shi za ka ba wa'adin mako biyu a hukumance, ka ƙara masa da maɓallin hutu? Ai ka gama da al'umma.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Ngoa-Ekelle ya ji labarin ya yi dariya, ya ce, "Kawu, ai naka mai sauƙi ne." Shi da abokansa biyar, wani a Faransa, wani a Kanada, wani a Marwa, Civilization IV suke yi, wasan nan na 2005 da ake kafa daula tun shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwa 2050. Kowa ya yi nasa zagayen sai ya tura fayil ta imel ga na gaba. Zagaye wajen 500 ne. Na ɗauki biro: mutum shida, kowa ya ci kwana ɗaya kacal, kwana 3,000 ke nan, shekara takwas da ɗoriya, in ba wanda ya yi aure, ba wanda aka sace wa kwamfuta, ba kuma tela a cikinsu. Na tambaye shi ina suka kai. Ya ce ba su daɗe da gano yadda ake sarrafa ƙarfe ba, kuma fayil ɗin na wurin na Kanada tun kafin azumi.

Shawarar da kowa ke ba ni ita ce in koma wasan kai tsaye, ka buga in buga, agogo na gudu. Na gode. Na san mutanen kai tsaye, a ƙofar gidana suke kwana. Tun da wani kamfanin Indiya ya saki Ludo King a 2016 unguwar nan ba ta sake jin shiru ba. Ɗan kai tsaye ba ya amsa sallama sai da haɓa. Ka aike shi ya ce "yanzu Baba, saura ɗa ɗaya." In yana ci, rezo lafiya lau, ko a gindin rijiya yake. Da zarar an kama masa ɗa biyu sai kuran ya ɗauke, forfe ya ƙare, baturi ya mutu, duka a daƙiƙa guda, alhali fankar shagon da yake zaune tana juyawa a kansa.

Wannan duk abin dariya ne, amma na zaman makoki ba na dariya a kansa. Ana zaune a tabarma, malam ya ɗaga hannu yana wa mamaci addu'a, sai ka ji ƙarar ƙwayar ludo na gangarawa daga ƙarƙashin babbar rigar wani. Da gemunsa, da 'ya'yansa. Hannu ɗaya a sama yana amin, ɗayan na cikin aljihu yana neman shida, don in ya jinkirta manhaja za ta buga masa. Baƙon da bai taɓa gani ba a wata ƙasa ya fi maƙwabcinsa da aka binne da safe alfarmar kada a sa shi jira. Kunya dai ta yi ƙaranci.

Darar da muka tashi muka gani ba ta da agogo, ba ta kuma buƙatarsa. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, sai taron 'yan kallo a kanka. Ka daɗe kana tunani wani tsoho ya tambaya ko a kawo maka tabarma da filo. Ka tashi ana cin ka, wai za ka kama ruwa, a raka ka da ihu har bakin bayi, a kuma tsaya a jira fitowarka. Maƙwabtanmu Ewondo haka suke da songonsu mai rami 14 da ƙwaya 70: mai wasa biyu, masu baki ashirin. Masu wasan dami a gindin mangwaro kuwa har allon sai ya ji a jikinsa. Ƙasarmu da ake irin wannan ce ta fitar da Jean-Marc Ndjofang, wanda ya zo na biyu a gasar dami ta duniya a Ufa ta Rasha a 2013, kuma ban ji an ce ya taɓa neman hutu a tsakiyar wasa ba. Yanzu 'yan kallon ma kowa ya sunkuya a kan tasa wayar, babu mai lokacin yi wa wani tsiya.

Har wurin masu suya abin ya kai, nan ne ma ya fi yi mini ciwo. Mutane na tasowa daga Bastos da Mvog-Mbi da daddare takanas saboda suyar Briketeri, kuma kowa ya san ƙa'ida: kafin a yi ciniki sai an yanko maka ɗanɗano a bakin wuƙa, an dangwala a yaji. Shekaranjiya na tsaya gaban wani, yaron da ke kan wuta wuƙa a dama, waya a hagu, nama na ƙonewa ta gefe ɗaya. Na yi gyaran murya har sai da ta zama tari na gaske. Da ya waiwayo ya yanko mini wani abu da sai da na kai shi ƙarƙashin fitila kafin na tabbatar nama ne. Na ce, "Ɗana, wannan ɗanɗano ne ko shaida?" Ya ce shanu sun yi tsada daga Adamawa. Na yarda shanu sun yi tsada. To albasa fa? Na faran 1,000 na saya, yanka uku na albasa ya sa mini, ɗaya ma ɓawo ne, takardar da ya naɗe mini kuwa ta jarrabawar lissafin wani yaro ce da ya ci 4 bisa 20.