Baƙin da Daji Ya Gaji da Su

Daga Paki zuwa Gimi, daga Hunkuyi zuwa Likoro, zaki ya daɗe da yin ƙaura, mai son ganin giwa kuwa sai ya yi guzuri zuwa Yankari. Amma daji bai zama kango ba. Masu saran rake a Makarfi, da masu kwanan gadin tumatir a fadamun Ikara, da 'yan farautar da ke cika mota da karnuka da rani, duk sun san akwai sauran masu gida: kububuwa, kasa, kumurci, kunama da ƙudan zuma. Su halinsu ɗaya ne tun kaka da kakanni, in ba ka taka su ba, ba ruwansu da kai. Baƙin da ke zuwar musu ne iri-iri.

Akwai Dafaffe. Shi tun yana goye kakansa ya ba shi sha. Guru a ƙugu, kambu a damtse, ƙafa kuwa ko silifa babu. In ka ce, "Yaya, sa takalmi mana," sai ya yi dariya: "Ni? Maciji in ya gan ni sunkuyar da kai yake yi." Hujjarsa, an taɓa saransa bai mutu ba. Bai san ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma wani lokaci yakan kai sara bai zuba komai ba. Kububuwa kuwa ba ta karanta laya. 'Yar gajeriya ce mai launin ƙasa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Dafaffe na zaune yana cika baki, sai ka ga dasashinsa ya fara tsatsar jini.

Nan take Likitan Dawa zai bayyana. Kayan aikinsa uku ne: reza, tsohuwar robar keke da baƙin dutse. "Ku danne min shi!" Ya ɗaure ƙafa tamau, ya tsattsaga, ya kafa baki ya tsotsa, ya tofar, ya dubi jama'a yana jiran jinjina. Wato mutumin da jininsa ya daina tsayawa, shi aka ƙara wa ƙofofi. Ɗaurin kuma in ya jima, ƙafar da maciji ya bari sai roba ta ƙarasa ta. Alhali abin da ake bukata ba ya da armashi ko kaɗan: a kwantar wa mutum da hankali, a cire masa zobe da agogo tun kafin kumburi, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, in ta kama a wuce babban asibitin Shika. Allurar kashe dafi ita ce magani, don ita ake tururuwa asibitin Kaltungo a jihar Gombe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta mayar da saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2017, ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. Likitan Dawa bai ji wannan ba, yana can yana wasa reza.

Sai Hannu-a-Rami. Ba ya iya wuce suri ko kogon bishiya bai zura hannu har kafaɗa ba. "Wallahi gafiya ce, na ji ɗuminta." Ya manta maciji ba ya gina gida, na gafiya yake gada, sau da yawa bayan ya cinye mai gidan.

Ƙaninsa shi ne Ɗan Hoto, haihuwar zamanin TikTok. In kumurci ya fasa kai, kowa baya yake ja, shi kuwa gaba yake matsawa, wai hoton bai fito ba. Kumurci ido yake nema da tofinsa, kuma ya iya saiti. Wanda abin ya samu, ruwa mai yawa za a yi ta kwarara masa a ido, ba a tsaya neman ganye ba. Ɗan Hoto ne dai mai jifan amya don a ga jarumtaka. Da zuma ta taso, sai ya tsaya yana kaɗa hula. Ba a dambe da zuma, malam: rufe fuska, ka ba ƙafa haƙƙinta.

Sarkin Ciki ba ya tsokanar kowa. Shi dai a bar shi da ƙullin garin kwaki, ƙuli-ƙuli da mazarƙwaila, ya ci ya kwanta a tsakiyar ɓarɓashi. Ɓera ya zo walima, maciji ya biyo ɓera, wanda ke kwance kusa da Sarkin Ciki ya biya kuɗin abincin da bai ci ba.

Ga-ta-nan kuwa, kowane motsin ganye kura ce. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, to shi ba a taɓa saransa ba, gudun ya ara. Da tsoron ya tsaya a kansa, da sauƙi. Matsalar ita ce yana riƙe da bindigar toka, kuma duk abin da ya ƙyalla cikin duhu ido ne. In kun kwana daji ɗaya da shi, kada ka tashi fitsari sai ka yi sallama da ƙarfi.

Can gefe akwai wani dattijo da ba ya cikin hira. Takalmin roba har gwiwa, tocila mai sabon batir, doguwar sanda da yake bubbuga ciyawa kafin ya taka, saboda ya san kasa ba ta kaucewa, barcinta take yi a kan hanya. Kafin magariba ya share makwancinsa, ya kafa gidan sauro ya cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma. Da asuba sai ya zazzage takalmi saboda kunama. Kafin ya baro gida ya gaya wa iyali inda ya nufa. In samari suka ce, "Baba, ba mu labarin gamonka da maciji," sai ya ce, "Na gan shi, na ba shi hanya."

Shi ya sa ba mai zama wajensa. Majalisa tana wajen Dafaffe, wanda ke da labarai masu daɗi da yatsun ƙafa tara.